Gwangwani Biyu a Bayan Allo

Ina aji uku a wata makarantar mishan da ke gefen garin Mubi aka kawo mana sabon malamin lissafi. Saurayi ne siriri, bai daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba, wandonsa kullum a goge kamar mai shirin zuwa ɗaurin aure. Wanda ya gada dattijo ne da ya yi imani cewa lissafi ta gadon bayan yaro yake shiga, saboda haka mun saba da bulala har mun ɗauka tana cikin darasin. Shi wannan da ya zo sai ya rataye ta a ƙusa, ya ce kowa ya sa a ɗinka masa 'yar jaka ya cika ta da abin ƙirge. Iyayenmu suka ce an kawo wa yara ɗan wasa. Ba su yi ƙarya ba, amma a hannun ɗan wasan nan na fara gane cewa kaina yana ja.

Wasanninsa suna da yawa. Akwai na tafi, inda za mu yi da'ira muna ƙirge bi da bi, duk wanda uku ko shida ko tara ta faɗo kansa ba zai furta ba, sai ya tafa, in ya manta ya zauna a ƙasa. Akwai na awaki da kaji: ya ce ya leƙa wani gida ya ga kai goma da ƙafa ashirin da takwas, awaki nawa, kaji nawa? Ranar da ya fara kawo wannan, wani ɗan makiyaya da ke zama kusa da taga ya ɗaga hannu ya tambaya ko a cikin awakin akwai gurguwa. Malam ya yi dariya har sai da ya dafa tebur. Duk wanda ya riga kowa ba da amsa a ranar, shi zai buga ƙararrawar tashi, wato wani tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a jikin darbejiya. Ni kuwa Allah ya yi ni da ƙin a riga ni. Idan wani ya buga ƙarfen nan, har gida nake kai fushina.

Yawancin yara tsakuwa ko ƙwallon tsamiya suka zuba a jakunkunansu. Nawa idon zakara ne, ƙananan 'ya'yan itacen nan jajaye masu ɗigon baƙi a kai. Kakata ta wajen uwa ce ta tsinto mini su a dajinsu. Babu wanda yake da irinsu a ajin, kuma ban bar kowa ya manta da hakan ba.

Kaka tana zaune a wani ƙauye da ke gaba da Sahuda, a ɓangaren Kamaru. Daga can Mama ta fito. Baba kuma mutumin duwatsun Michika ne, yaren kowannensu daban, don haka a Hausa suka haɗu, irin Hausar Mubi da ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne. Kaka takan sauko ranar kasuwa da ƙwaryar gyaɗa a kanta, ta kwana biyu a wajenmu tana yi wa Mama faɗa a kan gishirin miya, sannan ta koma. A lokacin ban san akwai wani abu tsakanin gidanmu da nata ba sai tafiya da ƙetare mayo, wato rafi.

Baba masinja ne a wani ofishi cikin gari. An ba shi kakin aiki da keke, kuma wannan keken shi ne darajar gidanmu. Kafin ya samu aikin noma yake yi a gonar aro. Da aikin ya sa mu a makaranta, har da ni mace, abin da 'yan'uwansa suka ce ɓarnar ƙarfi ce. Kowace safiya sai ya goge keken da tsumma kafin ya wanke fuskarsa.

Shekarar nan ita ce ta ƙuri'ar raba gardama ta biyu, wadda aka tambayi mutanen yankinmu ko za su bi Najeriya ko za su bi Kamaru. An ce a wannan karon har mata za su jefa. Babu inda za ka zauna ba ka ji maganar ba, sai dai manya sukan rage murya in sun ga yaro. Baba yana kai takardun sanarwa ga masu unguwanni a kan kekensa, kuma a gida ban taɓa jin ya ce ga inda ya fi so ba. Amma wata rana a bakin rijiya na ji wata mata tana ce wa Mama in Najeriya ta ci za a toshe hanyar Sahuda, mutum ba zai ga uwarsa ba sai da takarda. Mama ta ɗauki tulunta da ruwa bai ko kai wuya ba, muka koma gida. Ni dai na riƙe maganar.

A cikin wannan yanayin Malam ya kawo wasan gwangwani. Gwangwanayen madara ne guda biyu, ya huda murfin kowanne, ya ajiye su a kan benci a bayan allo inda ba mai gani. Ya ce ɗaya na masu son mangwaro ne, ɗaya na masu son rake. Kowa zai zagaya shi kaɗai ya jefa abin ƙirgensa guda a wanda yake so. In an gama sai a zazzage gwangwani ɗaya kawai a ƙirga. Mu talatin da huɗu ne a ajin, to wa zai fara faɗin abin da ke cikin ɗayan ba tare da an buɗe ba? Haka muka koyi ɗebewa ba mu san muna koyo ba. Mun yi na kare da kyanwa, mun yi na damina da rani, ni ce nake cinye yawanci.

Akwai wani ƙaton yaro a ajinmu, ya girme mu nesa, har gashin baki ya fara tsiro masa. Kawunsa shi ne babban akawu a ofishin su Baba. Shi ne ya ce wa Malam wata safiya, "Malam, yau mu yi na Najeriya da Kamaru mana, irin na manya."

Na tabbata da dattijon nan mai bulala ne da ya kore maganar tun ba ta zauna ba. Amma Malam saurayi ne, kuma yana son ya ga muna murna. Ya ɗauki alli ya rubuta a jikin gwangwanayen, ya ce bayan hutun tara za mu yi.

A lokacin tara ƙaton nan ya bi yara ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu ƙulli, yana cewa kowa ya jefa a na Najeriya. Ni bai zo wajena ba, don ya san bakina. Daga baya na gane cewa ba gidanmu kaɗai ke da dangi a ƙetare ba, kuma da manya suka jefa tasu ƙuri'ar ba gefe guda suka bi duka ba. Sai dai sauran yaran sun fi ni wayo. Sun san abin da ake ajiyewa a ciki.

Da layi ya zo kaina na zagaya bayan allo. Ban yi wani dogon tunani ba. Abin da na sani shi ne Kaka tana gwangwanin Kamaru, kuma ba na son a toshe mata hanya. Na zaro idon zakara guda na jefa, na ji ya yi ƙara a gindin gwangwani kamar babu komai a ciki. Ko wannan bai sa na farga ba. Na dawo na zauna ina gyara zama, ina jiran a ƙirga in riga kowa.

Malam ya zazzage na Najeriya a kan tebur, muka ƙirga tare da ƙarfi. Talatin da uku.

"Ɗaya!" na ce, tun kafin ya rufe baki.

"Daidai," in ji Malam, amma muryarsa ta sauya. Ya so ya mayar da ɗayan gwangwanin cikin akwati ba tare da ya buɗe ba, sai yara suka ce ai dokar wasa ce a buɗe a tabbatar. Ya cire murfin ya kifa. Ɗan jan abin nan ya gangaro a kan tebur, ya faɗo ƙasa, ya tsaya a gaban bencin farko.

Duk ajin suka juyo suna kallona. Ni da na shafe watanni ina nuna wa kowa jakata, yau ga ta ta tona ni. Wata irin kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kodayake a lokacin ban san takamaiman laifina ba. Ƙaton ya ce, "Ashe 'yar Kamaru ce," aka fashe da dariya. Malam ya daka tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce wasa ne, a bar shi a nan. Ranar ban je wajen darbejiya ba, wani ne ya buga ƙarfen.

Ba a bar shi a nan ba. Magana a Mubi ba ta kwana a inda aka yi ta. Kafin mako ya zagayo ta shiga kasuwa, kuma a hanya ta canja kama: ba yarinya ce ta jefa ɗan itace a gwangwanin madara ba, masinjan da ke yawo da takardun ƙuri'a ne yake koya wa iyalinsa bin Kamaru. Mutane suka ce yaro ba ya faɗin abin da bai ji a gida ba, balle ga matar daga can take.

Wata yamma ina shara a ƙofar gida na hango Baba yana tahowa a ƙafa. Ban taɓa ganinsa ya dawo daga aiki a ƙasa ba. Tafiyar ma ba ta yi kama da tasa ba, kamar wanda aka ara wa ƙafafu. Ya wuce ni bai amsa gaisuwata ba. Daga tsakar gida na ji yana gaya wa Mama cewa akawu ya ce ya ajiye keke ya zauna a gida har a duba maganarsa.

Ya kira ni. Na durƙusa ina jiran duka, da ma ya dake ni da na fi samun sauƙi.

"Wa ya ce ka sa a wancan?" ya tambaye ni.

"Ba kowa, Baba."

"Mamanka ya ce?"

"A'a. Na ji an ce za a rufe hanya, Kaka ba za ta ƙara zuwa ba."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa da muciya a hannu. Da ta ji haka sai ta juya ta koma madafa. Baba ya ce in tashi in tafi.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tunawa da su. Baba yana zaune a gida da rana tsaka kamar mara lafiya, tsumman goge keke yana rataye a inda yake. Maƙwabta suna shigowa jaje suna kallona ta gefen ido. Wata gwaggona ta ce ga amfanin sa mace a boko nan, ta je ta ƙirgo wa ubanta tsiya. Na so in rama, don ba a saba faɗa mini magana in haɗiye ba, amma wannan karon na haɗiye. Tuwo ma sai in ga kamar ban cancanci in sa hannu a ciki ba. A makaranta na daina ɗaga hannu. Malam ya ɓoye gwangwanayen, ya koma wasan tafi, in an zo kaina da gangan nake furta uku don in zauna a ƙasa a manta da ni.

Ban san sau nawa Baba ya je gidan akawu ba, ko me ya faɗa masa. Na dai ga wata safiya ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya ce tare za mu tafi makaranta. Da muka isa akawun yana can tsaye a inuwa, mutum mai tumbi da alƙaluma jere a aljihu, wani yaro yana riƙe masa da keken ofis. Na gane keken tun daga nesa.

Muka shiga aji. Baba ya cire hularsa, ya rusuna ya gai da Malam, yaron da a haife Baba ya kusa haifarsa. Malam ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Baba, don Allah ka tashi." Baba ya juya ya fuskanci yara talatin da uku da akawu, yana murza hula a hannu. Wannan mutumin da in ya yi gyaran murya gidanmu ke yin shiru, yau shi ne yake neman kalma a gaban 'yan aji uku.

"Yaron nan nawa ne," ya ce yana nuna ni. "Bai da hankali, wasa ne ya ɗauke shi. A gidana ba a wannan magana. Mamansa ma tun da ya zo nan ya manta da can. Ba shi da kowa a can."

Na san ƙarya ce, shi ma ya sani. Gyaɗar Kaka tana cikin rumbunmu a lokacin da yake faɗa. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata, ina jin kunyar kaina, ina jin kunyar Baba, ina kuma jin kunyar cewa ina jin kunyarsa alhali ni na jawo masa.

Akawu ya ce to ai magana ta ƙare, sai dai tun da a wasa aka ɓata, a wasa za a gyara. Ya ce Malam ya fito da gwangwanayen a sake. Malam ya ce darasin yau daban ne. Akawu ya yi murmushi ya ce ba sauri yake ba, zai jira. Malam ya dubi Baba, Baba ya dube shi da irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba, kallon roƙo. Sai Malam ya buɗe akwati.

Wannan karon ba a kai su bayan allo ba. A kan tebur aka ajiye su, a gaban kowa. Yara suka riƙa fitowa ɗaya ɗaya suna jefawa, babu mai dariya, har ƙaton ma jikinsa ya yi sanyi. Aka bar ni ƙarshe. Na taso daga bencina na je gaban teburin. Na jefa inda ake so in jefa.

Malam ya zazzage, muka ƙirga. Talatin da huɗu. Babu wanda ya ɗaga hannu.

"An ce ke ce gwanar ajin," in ji akawu, shi Hausarsa tsaf take. "To nawa ne a na Kamaru?"

"Babu," na ce.

"Ban ji ba."

"Babu ko ɗaya."

Ya ce a tafa mini. Aka tafa. Ya ce ya ji labarin wanda ya ci shi ke buga ƙararrawa, to in je in buga. Lokacin tashi bai yi ba, amma na fita na ɗauki guntun ƙarfe na buga, sauran azuzuwa suka leƙo ta taga suna mamaki. Abin da nake faɗa da kowa a kansa ke nan, ranar kuwa da ƙasa za ta buɗe da na shige. Da na juyo na ga akawu yana miƙa wa Baba keken, Baba ya karɓa da hannu biyu yana godiya.

Malam ya ce in bi Baba gida, kada in damu da sauran darasi. Baba ya ɗora ni a kan ƙarfen gaba. Muna tafiya ina jin numfashinsa a ƙeyata, rigar cocin ta jiƙe da gumi. Wajen kasuwa mutane suna ɗaga masa hannu suna yi masa barka, yana amsawa a taƙaice. Sau ɗaya kawai, da za mu gangara wani kwari, ya sa hannu ya riƙe kafaɗata don kada in faɗi.

Labari ya riga keke isa gida. Na gane haka daga yadda Mama ta tarbe mu. Ta yi wa Baba sannu da zuwa, ta kawo masa ruwa ta durƙusa kamar kullum, ta ce an gode Allah da aiki ya dawo. Amma ba ta dubi fuskarsa ba, shi ma bai dubi tata ba. Ya sha ruwan ya ce zai koma ofis, ya fita da sauri kamar ana korarsa.

Na bi ta madafa na tsaya, na rasa abin yi da hannuwana. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba.

"Babanka ya ce ba ni da kowa a can?"

Ba ta jira amsata ba.

"Ya yi daidai," ta ce. "In bai faɗa ba, me za ku ci?" Ta ci gaba da buga rariya a tafin hannu. Can ta ce, "A gwangwanin su Kaka, nawa ka samu?"

"Babu, Mama."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin na ga hawaye yana sauka ta gefen hancinta, ta goge da bayan hannu, gari ya shafe mata kunci. Na fashe da kuka na ce ta yafe mini. Ta ce in rufe mata baki kada maƙwabta su ji, me na yi da za a yafe. Ta miƙo mini rariyar ta ce in ƙarasa tankaɗen, za ta duba wuta. Har ta kai bakin murhu ta juyo.

"Jibi kasuwa ne, Kaka zai zo," ta ce. "Kar ka faɗa masa."

Kaka ta zo da ƙwaryarta, ta yi faɗan gishiri, ta zaunar da ni a gabanta tana tsefe mini kai, ta tambaye ni ko har yanzu ni ce nake cinye yaran Mubi a wasan ƙirge. Mama tana jinmu daga madafa. Na ce mata e, ni ce. Ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina godiya da ta kasance a bayana take zaune, ba ta ganin fuskata. Ban faɗa mata ba har ta bar duniya.